Reshen da Malam Ya Kashe da Alli

A sashen lissafi babu mai kiransa da sunansa. A gabansa Malam ne, a bayan idonsa kuwa Kusan-Tabbas, saboda ba ya iya haɗa magana uku bai jefa waɗannan kalmomin ba. Ko matarsa ce ta tambaye shi ko zai dawo cin abincin rana, sai ya ce kusan tabbas, ita kuwa ta rufe masa nasa ta ajiye don ta san ba zai dawo ba. Mutum ne mai auna kalma kafin ya sake ta, kuma yana ji da wannan hali nasa fiye da kima. Shi ya sa abin da ya fito daga bakinsa wata ranar Talata ya fi ci masa rai, don ba shi da wanda zai ɗora wa laifi.

Darasin da aka fi saninsa da shi shi ne na zuriya mai rassa. Yakan shigo aji rungume da wani akwatin katako, cike da maɓallan riga da 'ya'yan ludo, ya ba kowane ɗalibi maɓalli guda. Maɓallin nan shi ne kakan gidanka. Sai ka jefa masa ɗan ludo: in ɗaya ko biyu ta fito, ya mutu bai bar kowa ba, ka mayar da shi akwati, in uku ko huɗu ce, ya bar ɗa guda, in biyar ko shida ce, ya bar biyu, ka zo ka karɓi ƙari. A zagaye na gaba kowane maɓalli da ke hannunka sai ka jefa masa nasa. Wanda hannunsa ya zama wayam, gidansa ya mutu, sai ya kife takardarsa ya zauna yana kallon masu sauran numfashi.

Ɗalibai arba'in ne, kuma kafin a gama zagaye na shida da wuya ka sami goma sha biyu masu maɓalli a hannu. Amma in aka ƙirga maɓallan da ke waje, sai a tarar suna nan wajen arba'in ɗin, sun dai tattaru a hannun mutane kaɗan. A nan Malam yake gyara tsayuwa ya faɗi abin da ya zo faɗa: in dai matsakaicin haihuwa ɗaya ne ko ƙasa da haka, to komai daɗewa gidan zai mutu, kusan tabbas. In ya haura ɗaya, akwai damar tsira, amma damar ce kawai, ba alkawari ba. Haka ƙwayoyin cuta suke yi, haka ƙwayoyin zarra masu fashewa su haifi wasu, haka sunayen gidaje.

Akwatin nan wansa ne ya yi masa shi, Yaya kafinta, shekarar da aka ɗauke shi aikin koyarwa. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, katakon ne aka yanka ya ciji juna a kowace kusurwa. Yaya ya rasu shekara tara da suka wuce, ya bar mata da 'ya guda, wadda tun tana rarrafe cikin garin katako ya sa mata Guntuwa, sunan ya bi ta har yau da ta fi Malam tsawo. Tana da shekara goma sha ɗaya lokacin rasuwar. A kwana na uku na zaman makoki ta kawo masa ruwa ta ce, "Baba, ga shi," ba wanda ya sa ta, kuma daga ranar ba ta sake kiransa Baffa ba. Duk Asabar a gidansa take cin abincin rana, tana da kujerarta tsakanin 'ya'yansa maza huɗu, tana da kofinta da ba mai taɓawa.

Da ta sami gurbin karatu a sashensa, shi ne ya kafa doka. Daga ƙofar makaranta zuwa ciki ba su san juna ba. Ita tana amfani da sunan ubanta, shi da na nasa uban, ba wanda zai haɗa. Kada ta zo ofishinsa ita kaɗai, kada ta shiga motarsa, kada ta ce masa Baba, don kada wata rana a ce makinta na gado ne. Dokar ta yi kyau, kuma ya bi ta da irin naci da yake bin komai. Ya koya wa idonsa tsallake kujerar da ke layi na uku kusa da taga, har ya kai ga idon yana tsallake ta da kansa, ba sai an tuna masa ba.

Ranar Talatar, Shugaban Sashe ya shigo da fayil a hammata ya zauna a layin baya, don ana duba masu neman ƙarin girma, Malam kuwa yana cikinsu. Wasan maɓallai ya tafi yadda ake so, aji ya ɗauki zafi, ana tsokanar waɗanda gidansu ya mutu tun zagayen farko. Malam ya hango Shugaba yana murmushi yana rubutu, sai kansa ya fara kumbura. Kullum da zuriyar ƙirƙira yake rufe darasin, ta wani mutum da babu shi. Ranar sai ya ga bari ya nuna shi malami ne da ba ya tsoron kawo rayuwarsa cikin aji.

Ya goge allo ya ce, "Yau gidanmu zan zana muku. Sunan gida ta maza yake bi, saboda haka maza kawai za mu ƙirga."

Ya sa ɗigo ɗaya a sama, kakansa ke nan. Ya ja layi uku, 'ya'yansa maza. Biyu ya bi su ya nuna inda suka ƙare, ya sa musu alamar giciye. Na ukun mahaifinsa ne, daga shi layi biyu suka sauko, Yaya da shi kansa. A ƙarƙashin nasa ɗigon ya ja layi huɗu, yana ja yana ƙirgawa da ƙarfi, aji ya yi masa tafi. A ƙarƙashin na Yaya ya rubuta sifili, ya soke ɗigon da giciye babba har allin ya karye.

"Wannan reshen ya mutu," in ji shi.

Wani ɗalibi mai yawan tambaya da ke gaba ya ɗaga hannu. "Malam, wan naka bai haihu ba ne?"

"Ya haifi mace ɗaya," in ji Malam. "Mace kuwa a wannan lissafin sifili ce. Da ba don ni ba, da yanzu an rufe gidan an jefar da makulli."

Aji ya fashe da dariya, har Shugaban Sashe ya rufe baki da fayil. Malam ma ya yi dariya, mai sauti, ta mutumin da maganarsa ta karɓu. Da sauran zafin nan ya ba da aikin gida: kowa ya zano gidansu hawa huɗu bisa wannan ƙa'ida, ya fitar da matsakaici, ya faɗi yiwuwar mutuwar gidan.

Aka tashi, masu sauran maɓallai suka yi layi suna zubawa a akwati. Yana tattara takardunsa, hannuwa kawai yake gani suna wucewa. Sai wani hannu ya zo, mai tabo a gindin babban yatsa, tabon da shi da kansa ya kai mai shi asibiti aka ɗinke ranar da ta ɗauki zarton ubanta tana 'yar shekara bakwai. Hannun ya saki maɓalli bakwai, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa.

"Ga su, Malam," in ji Guntuwa.

Haka take ce masa kullum a aji, ba sabon abu ba ne. Amma ya ɗaga kai, karo na farko cikin shekara biyu ya dube ta a cikin makarantar nan, ya ga fuskarta a share, ba fushi ba hawaye, tana kallon allon da ke bayansa. Ta juya ta fita. Kunya ta taso masa tun daga tafin ƙafa. Daidai nan Shugaban Sashe ya iso da hannu a miƙe yana cewa rabonsa da ganin darasi mai rai irin wannan har ya manta. Malam ya kai hannu zai karɓi gaisuwar, gwiwar hannunsa ta ture akwatin, ya faɗi ƙasa, murfin ya tsage ta gefe, maɓallai suka watse har ƙarƙashin kujeru. Ya durƙusa yana tsince su, kuma ya ji daɗin samun dalilin ɓoye fuskarsa.

Kwana huɗu ya yi yana ƙoƙarin wanke kansa, kuma da yake malami ne, hujjojin sun fito tsaf. Ƙa'ida ce, ba ra'ayinsa ba. Haka aka gina lissafin tun asali, a kan sunan gida. Yarinyar tana da kai, ta san sifilin allo ba sifilin mutum ba ne. Kowace hujja takan riƙe shi na ɗan lokaci, sai ya tuna sautin dariyarsa, hujjar ta zube.

Ranar Asabar matarsa ta jera faranti bakwai kamar kullum. Aka zauna, aka jira, yaran suka fara kallon tukunya, kujerar Guntuwa tana nan babu kowa. Matar ta kira wayarta, Guntuwa ta ce karatu ya yi mata yawa, a gaida kowa.

"A gaida kowa," in ji matar bayan ta ajiye wayar. "Ba ta ce a gaida Baba ba. Me ka yi mata?"

Ya jira yaran suka tashi, sannan ya faɗa mata, yana kallon farantin da ba a taɓa ba. Ya so ya rage, amma bakinsa bai saba da ragi ba, ya faɗi har da maganar makulli. Ta shiga tattara cokula.

"To," in ji ta, "ashe ni ma sifili ce a gidan ubana. Shekara ashirin da biyu ina dafa wa mai lissafi abinci, bai taɓa sanar da ni ba."

"Ba haka ba ne, Maman yara. Ƙa'ida ce ta ƙirge, kin gane, ana zaɓar abin da za a bi ne kawai don a sauƙaƙa."

"Na gane. Ka je ka yi wa yarinyar wannan bayanin, in bakinka zai iya."

Bakinsa bai iya ba. Ranar Talata Guntuwa ta zo aji ta zauna a kujerarta, ya tarar idon da ya horar ya bijire masa, yanzu ba abin da yake gani a ajin sai ita. Ya yi kuskure sau biyu a allo, mai yawan tambaya ya gyara masa. Ranar Alhamis aka tara aikin gida, ya kai ofis, ya rufe ƙofa bayan azahar ya ɗauki jan biro. Ya fara daga sama kamar mutumin kirki, ya duba uku, sannan ya daina yaudarar kansa ya tona ya zaro takardar Guntuwa.

Gidansu ne, gidansa. Ta zana shi da rula, layuka a miƙe, ya fi nasa na allo kyau. Ga kaka a sama, ga layi uku, ga biyu da suka ƙare. Ga ɗigonsa da 'ya'ya huɗu. Ga ɗigon ubanta, ta rubuta sifili a ƙarƙashinsa da hannunta, ta soke shi da giciye, ƙarami, mai tsafta. Ta fitar da matsakaici daidai, ta warware lissafin yiwuwar daidai, har ta ƙara bayanin cewa misali ɗaya bai isa a yanke hukunci ba, abin da ko shi bai faɗa a aji ba. A duk takardar ba inda take sai a saman kusurwa, inda ake rubuta sunan ɗalibi da lambarsa.

Ya bi takardar layi-layi yana neman kuskure, ko ɗan ƙarami, don ya sami abin da zai rubuta mata a gefe, ko da kalma biyu ce. Babu. Ya rubuta goma bisa goma, ya ji bai taɓa ba da makin da ya wulaƙanta shi irin wannan ba. Ya kife takardar ya zauna har mai shara ya ƙwanƙwasa yana tambaya ko ya shigo.

Asabar ta biyu bai jira a jera faranti ba. Da hantsi ya naɗe akwatin a tawul ya sa a mota, ya ce wa kansa gyara zai kai, don mutum irinsa ko haƙuri zai je bayarwa sai ya nemi dalilin da zai riƙe a hannu. Gidan Yaya yana ƙarshen wani layi da mota ba ta shiga, shagon kafintan yana manne da shi ta gefe. Rabonsa da zuwa ya fi shekara, kullum Guntuwa ce mai zuwa wurinsu. Ya ɗauka zai tarar da shagon a kulle, sai ya ji ƙarar zarto tun daga bakin layi.

Matar Yaya ce ta fara ganinsa, ta taso da murna tana gyara mayafi, ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo shayi. Ta tambayi matarsa da yaran ɗaya bayan ɗaya. Daga yadda take magana ya gane ba ta san komai ba, yarinyar ba ta faɗa mata ba.

"Kullum ina faɗa wa mutane," in ji ta, "Allah ya ɗauki uba ya bar mata uba. Ko shi da yake raye, iyakar abin da zai yi mata ke nan. Ba ta da magana sai Baba ya ce, Baba ya ce."

Ya ajiye kofin shayin. Ya so ƙasa ta tsage ya shige, ƙasa kuwa ta ƙi. Ya ce mata akwati ya kawo gyara, ta nuna masa shagon da haɓa, ta ce ai 'yar gidan tana ciki, duk ranar da ba makaranta a can take wuni, maƙwabta har sun fara kawo mata kujerunsu.

Shagon yana nan yadda Yaya ya bar shi, guduma da zarto kowanne a ƙusarsa, sai dai an ƙara fitila a saman teburin aiki. Guntuwa tana sanye da tsohuwar rigar aikin ubanta, ta naɗe hannun rigar, tana yanka ƙafar kujera. Ta riƙe katakon da gwiwa, ta karkatar da kai gefe guda tana lumshe ido ɗaya, sak yadda Yaya yake yi. Malam ya tuna 'ya'yansa huɗu da ya ƙirga da ƙarfi a gaban aji, waɗanda ko ƙwan fitila ya mutu sai sun jira an kira wani.

Ta ajiye zarton ta russuna. "Ina kwana, Malam."

A nan ba makaranta ba ce, ba ƙofa ba doka, kuma ta ce Malam. Ya amsa gaisuwar da ƙyar, ya warware tawul ya miƙa mata akwatin. Ta juya shi, ta bi tsagewar da yatsa, ta duba kusurwoyin.

"Faɗuwa ya yi?"

"Ni na ture shi."

Ta ɗauko gam ta fara aiki, ba ta ce ya zauna ba, ba ta ce ya tafi ba. Ya tsaya kamar ɗalibin da aka kira ofis. Duk jimlolin da ya shirya a mota suka gudu, ƙa'ida da asali da sauƙaƙawa, ya ga ba wadda zai iya furtawa a gaban rigar nan.

"Guntuwa," in ji shi, "na yi abin kunya. Ba ni da bayani."

Ta ci gaba da shafa gam a bakin tsagewar da ɗan tsinke. Sai da ta haɗa katakon ta ɗaure shi da igiya sannan ta yi magana, ba ta ɗago ba.

"Lissafinka daidai ne. Sau uku na sake shi ina neman inda ka kuskure, ban samu ba. Na san maza ake ƙirgawa, ba yau na fara ji ba, tun ranar da ya rasu nake jin mutane suna cewa kaico bai bar namiji ba. Wannan bai dame ni ba." Ta ja igiyar ta ƙulle. "Ka soke shi har allin ya karye. Kuma ka yi dariya."

"Na yi."

"Ina zaune ina jira ka dubo wajena, ko sau ɗaya, in san ka tuna ina nan. Ba ka duba ba."

"Na manta kina nan," in ji shi, don ita ce gaskiyar, kuma da ya faɗe ta sai ya ji ta fi duk abin da ya faɗa a aji muni. "Ranar Talata zan tsaya a gabansu in faɗa musu ke wace ce, in ba ki haƙuri kowa yana ji."

Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi. "A'a. Shekara biyu ina samun makina ba wanda ya ce komai. In ka faɗa, kai za ka sami sauƙi, ni kuwa har in gama za a riƙa nuna ni ana cewa ga sifilin Malam. Kai ka kafa dokar, ka riƙe ta." Ta tura masa akwatin. "Kada a kwance igiyar sai jibi. Kuma kada Mama ta ji."

Ya fito rungume da akwatin, ya yi wa matar Yaya sallama tana ta sa masa albarka har bakin layi. A mota ya daɗe bai tayar ba. Ya zo ne yana fatan a yi masa faɗa ko a yafe masa, ko wanne ne zai iya ɗauka, sai aka ba shi kunyarsa aka ce ya koma da ita gida ya riƙe shi kaɗai.

Ranar Lahadi ya zauna da takarda zai sake zanen gidan da kowa da kowa, sai ya tarar bai san gidan nasu ba. Mahaifinsa ba 'ya'ya biyu ya haifa ba, biyar ne, akwai mata uku da ya tsallake a allo ko a jikinsa. Kakansa ma yana da 'ya'ya mata da sunan ɗaya kawai yake iya tunawa. Dole ya kira babbar yayarsa, wadda ta goya shi.

"Yau kuma ƙidaya ake yi?" in ji ta. "Kai da ba ka san jikokina nawa ba, sai yanzu?"

"Su nawa ne?"

"Goma sha ɗaya. Na ƙarshen sunanka aka sa masa, an aiko maka, ka ce kusan tabbas za ka zo suna. Yana tafiya yanzu."

Ta riƙe shi a waya fiye da awa guda, tana lissafo masa mutane tana haɗawa da gori, shi kuwa yana rubutawa yana cewa to. Takarda ɗaya ba ta isa ba, sai da ya manna uku.

Ranar Talata ya shiga aji da akwatin, an kwance igiyar, layin gam ɗin yana nan siriri a murfin. Babu Shugaban Sashe, babu fayil. Ya raba maɓallai aka yi wasan da sabuwar ƙa'ida mai matsakaici sama da ɗaya, yadda darasin ranar ya tanada. Da saura minti ashirin ya goge allo ya zaro takardunsa uku.

"Mako biyu da suka wuce na zana muku gidanmu," in ji shi. "Lissafin bai yi kuskure ba, ni na yi. Wanda ya zaɓi abin da za a ƙirga, shi ya zaɓi wanda zai mutu a allo. Na zaɓa, na kuma yi dariya a kai, ina jin kunyar hakan."

Ɗaliban ba su saba jin irin wannan daga Kusan-Tabbas ba. Ya fara zane. Layuka suka yi ta saukowa, suka cika allon suka kai gefe, har ya koma yana ƙanƙanta ɗigon don su shiga. Ya bar na Yaya sai ƙarshe. Ya sa ɗigon, ya tsaya, ya ja layi ɗaya a ƙarƙashinsa a hankali, ya sa wani ɗigon.

"Wana kafinta ne. Shi ya yi akwatin nan. Ya haifi ɗaya."

Mai yawan tambaya ya ɗaga hannu. "Amma Malam, reshe mai ɗigo ɗaya ai har yanzu yana cikin haɗari."

"Yana ciki," in ji Malam. "Duk rassan nan suna ciki, har nawa mai huɗu. Amma bai mutu ba. Ni na kashe shi da alli, yana zaune da ransa."

Duk tsawon maganar bai dubi layi na uku ba. Wannan karon ya san tana nan, ya san inda taga take da inda hannunta yake a kan tebur, wuyansa har ciwo yake don son juyawa, amma ta ce ya riƙe dokar, ya riƙe.

Aka tashi, aka yi layin mayar da maɓallai. Ya sunkuyar da kai yana jera takardun da ba sa bukatar jeri, yana kallon hannuwa. Hannun mai tabo ya zo kusan ƙarshe, ya saki maɓalli biyu. Bai wuce ba. Yatsan ya bi layin gam ɗin daga farko zuwa ƙarshe, ya danna kusurwar, yana duba aikinsa.

"Ga su, Malam," in ji ta yadda na bayanta zai ji.

Sannan ta rage murya, kamar da akwatin take magana. "Ka daina ɗaga murfin da hannu ɗaya, Baba, zai sake tsagewa."

Ta wuce, na bayanta ya zuba nasa ya wuce, ajin ya zama babu kowa. Malam bai iya ɗaga kai ba. Ya sa hannu biyu ya rufe akwatin a hankali, ya zauna a gaban allon da ya cika da danginsa, yana share ido da bayan hannu mai farin alli.